Cokalin Katakon Iya Edna

Jama'a, wannan abin da zan faɗa muku da ni ya faru, wallahi ba a bakin wani na ji ba. A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina karatu a London ina kuma wanke-wanke a wani gidan abinci a Old Kent Road, sai na kama hayar ɗaki a Catford, a gidan wata tsohuwar Baturiya mai suna Edna, ni dai Iya nake ce mata. Mijinta Albert ya rasu, ɗanta tilo Tomi ma ya rasu tun yana saurayi. Ni kuma sai in yi sati ban yi Hausa da kowa ba. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, ba abin da nake nema a garin nan irin a kira ni ɗan gida.

Wata Lahadi, saura kamar sati biyar Kirsimeti, na idar da azahar ke nan ta ce in sauko kicin. Ashe ranar ce suke kwaɓa pudding na Kirsimeti tun kaka da kakanni: zabibi, kitsen saniya, garin burodi, ƙwai, ɓawon lemo, a jefa tsohon sisi a ciki, a turara shi awa da awanni kamar alala. Giya ake zubawa, amma saboda ni ta sa ruwan lemo. Ta ce duk ɗan gida sai ya juya kwaɓin, kowa da layinsa, ya yi fatan alheri a ransa, baƙo kuwa ba ya taɓawa.

Kai, daɗin da na ji! Garin zumuɗi na kai hannu kan cokalin katakon da ke tsaye cikin kwaɓin, sai ta buge mini hannu.

Ta ce, "Tsaya ɗana, ba layinka ba ne. Bari Albert ya gama."

Na ce a raina tsufa ya taɓa Iya. Ban rufe tunanin ba cokalin nan ya motsa. Da rana tsaka, ido biyu, ba hannun kowa a kai, ya zagaya kwanon yana ƙarar kankara, warin tabar lofe ya cika kicin. Ya tsaya. Ta ce, "Tomi." Ya sake zagayawa, wannan karon da sauri irin na matasa. Ita ma ta juya nata, sannan ta ce, "To, yanzu kai."

Na miƙa hannu na kama. Kicin ɗin sanyi ƙalau, mariƙin cokalin kuwa da ɗumi. Na juya ina salati a zuci. Da na tambaye ta daga baya, cewa kawai ta yi ba su taɓa makara ba. Ran Kirsimeti sisin ya fito a yankan da aka ba ni, ta yi ta dariya har da hawaye.

Da bazara Iya ta rasu, hukumar unguwa, da yake gidan nata ne, ta ce in tashi kafin ƙarshen shekara. Ni kaɗai na rage, har na manta da ranar. Da Lahadin nan ta zagayo, ina ɗaki ina haɗa kaya bayan azahar sai na ji ƙarar nan daga kicin. Zagaye ɗaya, aka tsaya. Na biyu da sauri. Sai na uku, a hankali, yadda hannun Iya yake yi.

Daga nan shiru. Na san wa ake jira.

Na sauko har bakin ƙofar kicin ina Ayatul Kursiyyu, hannuna a kan mariƙi, na kasa buɗewa. Na suri kwat ɗina na hau bas zuwa Edmonton wurin wani abokina ɗan Ghana, ban sake kwana a gidan ba. Har yau ban san mene ne ba, Allah ne masani. Abin da ke cin raina shi ne, wuri ɗaya tak aka taɓa ajiye mini layi a ƙasar nan, ni kuma na gudu.

Sisin yana nan a walat ɗina. Shawarata, in tsoho ya jawo ka cikin al'adar gidansu, ka fara tambayar su wa ke gabanka a layi, domin in aka ƙirga da kai ba a cire ka. Ni dai duk shekara in Lahadin nan ta zo ba na yarda azahar ta same ni ni kaɗai.