Inda Baƙin Man Tantan Ɗin Nagoggo Ke Tafiya

Duk wanda ya san Magama, can bakin iyakar Jibiya, ya san Ummaru Nagoggo ko da bai taɓa gaisawa da shi ba. Shi ne dattijon nan mai tsohuwar tarakta ja, irin wadda ake kira tantan, wadda ta girmi yawancin masu gonakin da take yi wa haro. Mutum ne mai sallah kan lokaci, ba ya cin haƙƙin kowa, amma Allah Ya yi shi da zargi. In ka ce masa ina kwana zai amsa, sannan ya bi ka da ido ya ga abin da ya kawo ka. In ya sayi taki kuwa, sai ya zura hannu har gindin buhu ya ji ko yashi aka shimfiɗa a ƙasa.

Ba haka kawai ya tashi da halin ba. Yana saurayi dako ya yi a kan iyaka, yana sauke kaya daga wannan mota ya loda wa waccan. A nan ya ga jarkar man gyaɗa da rabinta ruwa ne, ya ga direban da ke tsotse tankin maigidansa da tiyo, carbi na rataye a wuyansa. Abin da ya koya guda ne, duk inda aka bar kafa a jikin inji akwai mai tiyon da zai shige ta. Da ya sayi tantan ɗinsa a gwanjo, sai ya sa wa tankin gas kwaɗo, ya ɗaure murfin baƙin mai da sarƙa.

Mutum ɗaya ne a duniya yake miƙa wa makullan nan, shi ne direbansa Isah. Isah mutumin ƙasar Maraɗi ne, ya tsallako neman dako, suka saba tun suna ɗora wa juna buhu a ka. Da ciwon baya ya hana Nagoggo zama kan sitiyari, Isah ya hau, shekara goma sha tara ke nan. Iyalinsa na can tsallake, yakan je musu ran Juma'a ya dawo Asabar. Hasiya, matar Nagoggo, takan ce ranar da Isah ya tafi, maigidanta ba shi da sauran wanda zai ba ajiyar ko da allura. Da wasa take faɗa, amma shi kansa ya san gaskiya ce.

A bazarar bara, da mai ya yi tsada, labari ya zo daga Farfaru cewa an tsotse wa wani mai injin niƙa baƙin mai tas. Ranar Nagoggo ko furarsa bai sha ba. Ya zagaya tantan sau uku, ya durƙusa da ƙyar, ya hango wani siririn bututu da ke saukowa daga gefen inji, bakinsa a buɗe yana kallon ƙasa. Shekara da shekaru yana ganinsa bai taɓa kawo komai a ransa ba, sai ranar. Ya samo totuwar masara ya fere ta da wuƙa, ya cusa a bakin bututun, ya buga da dutse har ta ɓace ciki. Ya miƙe yana jin ya riga ɓarayi, kuma bai gaya wa kowa ba, har Isah.

Ruwan farko ya sauka aka shiga haro. Kwana huɗu da fara aiki, Nagoggo ya zaro sandar awon mai da safe, ya ga baƙin mai ya sauka da faɗin yatsa. Ya ƙara wani. Bayan kwana uku ya sake sauka. Ya shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙarƙashin inji ta kwana, da safe ya ɗauko ta fes, ko ɗigo babu. To ga shi dai inji ba ya yoyo, hayaƙinsa bai canza ba, murfi na ɗaure, mai kuma yana tafiya. Tantan daga gida sai gona, daga gona sai gida, kuma mutum ɗaya ne ke tare da ita a tsakani.

Ya yi ƙoƙarin kawar da tunanin, Allah Ya sani ya yi. Amma ido in ya saba da neman abu ba ya rasawa. Ya goga alli a notin ƙasa da ake juye mai ta wurinsa, da yamma ya tarar laka ta shafe allin, ya ce a ransa laka ce ko hannu? Ya lura Isah ya yi sabon takalmi. Ya kuma lura babur ɗin da ke kawo Isah ran Asabar ya daina hayaƙi, wa ya san man da ake zuba masa.

Hasiya ta ce, "Malam, mi Isah ya yi maka kake bin shi da wanga kallo?"

Ya ce, "Ni na ce wani abu?"

"Ba ka ce ba. Amma ka bi a hankali, shi ma yana da ido."

Ran Juma'a da hantsi, Isah ya kawo makullai ya nufi tasha da jakarsa da wata ƙaramar jarka. Jarkar nan ta tsaya wa Nagoggo a rai. Ya bi shi har inda 'yan dako ke zama a bakin iyaka, a gabansu ya karɓi jarkar ya buɗe, ya tsoma yatsa ya sansana. Manja ne Isah ya sayo wa matarsa. Waɗanda suka san su tun suna samari suka sunkuyar da kai.

Isah ya ce, "Maigida, gazuwal ɗin tanki kake nema ko baƙin mai? Ka hwaɗi, in san sunan satar da na yi."

Nagoggo ya ce, "Man tantan na tahiya, Isah, kuma ba ta yoyo."

Isah ya rufe jarkarsa a hankali, ya ce, "Ran Lahadi zan zo in kwashi kayana."

Ran Asabar akwai gonar da aka yi wa alkawari a Mazanya. Nagoggo ya ɗaure bayansa da rawani ya hau da kansa. Ya cika mai da hannunsa, ya yini kan sitiyari, ko sallah a gindin taya ya yi ta don kada ya ɗauke ido. Da la'asar ya dawo ya bar inji ya huce, ya zaro sanda. Mai ya sauka, har ya fi na kullum. Ga shi kuwa ranar Isah bai taɓa ta ba. Amma da yake hali ba ya barin mai shi, sai ya ce wataƙila Isah ya kwance wani abu ne don haushi. Ya kira Mu'azu, bakaniken Jibiya da ke gyaran manyan injina, ya ce ya zo da sassafe.

Mu'azu bai tsaya jin dogon labari ba. Ya kankare dunƙulen laka mai maiƙo da ta manne a gaban inji, ya wanke wurin da kananzir, ya bar shi ya bushe. Sannan ya roƙi Hasiya tokar murhu, ya barbaɗe gaban injin har ya yi fari, ya ce a tayar. Tana aiki a hankali ba a ga komai ba, Nagoggo har ya fara gyaɗa kai irin na wanda ya ci gardama. Mu'azu ya ce a ƙara mata wuta a bar ta ta ɗau zafi. Can sai ga wani baƙin zobe ya fito cikin tokar, a bayan fulin da ke juya fanbel, wato bel ɗin fanka, yana faɗaɗa.

Mu'azu ya ce, "Ga ɓarawonka nan, Baba. Oyil sil ɗin gaba ne, robar da ke tare mai inda karanshaf, ƙarfen da ke juyawa cikin inji, ya hito. In tantan na tsaye ba ta zubarwa, sai tana ja. Fanka ta watsa shi baya, ƙasar gona ta shanye."

Ya sauke lagireto mai riƙe ruwan sanyaya inji, ya cire fanbel, ya zare fulin, ya ɓanɓaro robar. Ya daɗe yana juya ta a hannu, Nagoggo na leƙensa.

Mu'azu ya ce, "Wannan ba tsuhwa ba ne. Dubi leɓenta ya juyo waje, daga ciki aka turo ta. Injin ga ba ya numfashi."

Ya kwanta a ƙasa ya lalubi siririn bututun nan, ya ce ta nan inji ke fitar da iskar da ke taruwa a cikinsa, in ta rasa hanya sai ta fasa inda ya fi rauni. Ya zura waya, ya ji ta tokare. Ya lanƙwasa bakinta ya yi ta ja, sai ga totuwa ta fito baƙi ƙirin, da sawun wuƙa a jikinta.

Mu'azu ya ce, "Wane mugu ne ya yi maka wannan, Baba?"

Hasiya na tsaye da kaskon toka. Ta dubi totuwar, ta dubi mijinta, ta juya ta shige gida. Nagoggo ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Da zai ce bai sani ba, Mu'azu zai yarda, kowa ma zai yarda. Amma shi mai zargi ne, ba maƙaryaci ba.

Ya ce, "Ni ne. Gudun ɓarayi na yi."

Mu'azu ya danne dariyarsa don girman furfura. Ya shafa wa sabuwar roba mai, ya zaunar da ita daidai, ya bi gefenta da guntun katako yana bugawa a hankali har ta shige. Ya mayar da komai, ya sake barbaɗa toka, aka tayar aka ba ta wuta sosai. Tokar ta zauna fara. Nagoggo bai jira an kashe inji ba, ya sa takalmi ya nufi bakin iyaka.

Ya tarar Isah ya gama ɗaure katifa da tukunyarsa a bayan babur, mai babur na jira. 'Yan dakon nan na shekaranjiya suna zaune. A gabansu ya tozarta shi, don haka a gabansu ya tsaya ya faɗi komai, bai rage ba. Ya ce shi ya toshe bututu, shi ya fasa roba, shi ya ɗora wa mai gaskiya sata. Ya ce, "Ka yahe mani don Allah, Isah. Ka kwance kayan ga mu koma."

Isah ya saurare shi har ya gama. Ya ce, "Na yahe maka, Maigida, duniya da lahira. Amma in tambaye ka abu guda. Da Mu'azu bai gano totuwar ba, da har yanzu ni ɓarawo ne a wurinka?"

Nagoggo ya buɗe baki. Kalma ɗaya ce, a'a, za ta sa a kwance igiyar nan, ya san ta, 'yan dako ma sun santa, suna jira ya faɗa. Ya duba zuciyarsa ya ga ba ita ce a ciki ba. Ya ce, "Da har yanzu ina zarginka."

Isah ya gyaɗa kai, ya ce, "Na gode da ba ka yi mani ƙarya ba." Ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya hau bayan babur ya gyara zama kan katifar, suka bi hanyar Maraɗi.