Ledar Talabijin ɗin Oga Sabo

Jama'a, yau an ƙona mini rai, kuma a kan leda!

Kun san faya-fayan 4K guda uku na jarumin Indiyan nan da nake so, waɗanda yayana ya aiko mini? Muna tashi daga aikin safe a masana'antarmu ta Sharaɗa na kwashe su har da na'urar kunna su. Muka wuce Ɗorayi gidan Oga Sabo, shugaban layinmu a wurin aiki, don shi ke da babbar talabijin. Ni da shi da abokin aikinmu Ilu ɗan Maraɗi, za mu tantance wanne ya fi fitowa tas.

Na saka na farko. Dishi-dishi! Na biyu ma haka.

Ilu ya ce, "An cuci yayanka. Wallahi na wayata ya fi wannan."

Na matsa kusa. Ashe ledar kamfani na nan manne da gilashin talabijin ɗin tun ranar da aka sayo ta, duk shatin yatsu!

Na ce, "Oga, ku bari in ɓare."

Ya ce, "Kul! So kake ta tsufa?"

Da ƙyar ya yarda. Ina ɓarewa hoto ya fito rangaɗaɗau. Ga tamoji a goshin jarumin, ga hoda dumu-dumu, har bakin hular gashinsa ana gani.

Oga ya zabura: "Subhanallahi! Ashe tsoho ne? Faifan nan naka ya ci mutuncin bawan Allah. Mayar mini da ledata!"

Kuma wallahi sai da suka sa na mayar. Da salatif!