Sabulu a Jikin Sukuru

Sunan da aka sa masa a layinmu Cire-Ƙofa, kuma yana amsawa. Kafinta ne, shagonsa na jikin nawa. Ni ƙusa nake sayarwa da kwaɗo da ƙarfen ƙyaure, saboda haka duk abin da ya faru da ƙofar wani a unguwar nan sai ya biyo ta kan teburina.

Da can kujeru yake yi da gadaje. Da kujerun roba suka cika kasuwa sai aiki ya ja baya, har wani mai gidan haya ya kira shi ya ce akwai ɗan hayan da ya yi wata takwas bai biya ba, an ba shi takarda ya yi kunnen uwar shegu, a je a cire masa ƙyaure. Haka masu gidajen suke yi. Zuwa kotu ɓata lokaci ne, watsi da kayan mutum waje kuma yana jawo surutu. Amma a ɗauke ƙyaure, a bar mutum da iyalinsa a fili, kowa ya wuce ya leƙa, sauro ya shiga, akuyar maƙwabta ta shiga. Wanda ya fi kowa taurin kai kwana uku yake yi ya tattara.

Cire-Ƙofa yana da ƙa'idarsa. Ba ya tambayar ɗakin wane ne, ba ya duban ciki, bayansa yake juya wa ɗakin har ya gama. Ba ya sa guduma. Da abin kwance sukuru yake bi ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a kwalin ashana ya ajiye a kan taga, wai ko za a daidaita a mayar. A shekara tara sau biyu aka taɓa kiransa ya mayar. Na ce masa wannan tausayin nasa na banza ne, ka tsiraita mutum sannan ka bar masa maɓallin riga? Ya ce shi ba tausayi yake yi ba, haka aka koya masa aiki.

Wanda ya koya masa kuwa wani tsoho ne da kowa ke kira Baba Kafinta. Shekara bakwai ya yi a hannunsa, kuma a cewarsa ko sau ɗaya tsohon bai taɓa buɗe baki ya ce aikinsa ya yi kyau ba. In ya gama tebur sai Baba ya shafa, ya ce to, ya wuce. Sun rabu ba faɗa, sai dai zumunci ya yi sanyi, daga baya aka ce tsohon ya rufe shago ya tashi daga inda yake.

Ran wata Talata da hantsi wakilin wani mai gida ya zo ya tafi da shi wani gida mai ɗaki goma sha biyu a bayan tasha. Ya nuna masa ɗaki na ƙarshe, kusa da famfo. Matan gidan suka janye bokitansu suka yi cirko-cirko. Ƙyauren a buɗe yake, labule a sake. Ya juya baya kamar kullum ya durƙusa.

Sukurun farko ya fito sumul, ba gardama. Ya duba sai ya ga fari-fari a jikinsa. Ya kai hanci. Sabulu ne. Mutum ɗaya ya sani a duniya da ke goga wa sukuru sabulu kafin ya ɗaura, don kada katako ya tsage, don kuma wanda zai kwance wata rana kada ya sha wuya. Shi kansa ya sha ranƙwashi a kan wannan sabulun.

Ya ce min ya tsaya yana juya sukurun a hannu. Sai ya ji murya daga bayan labule.

"Kai, ka sa katako a ƙarƙashi tukuna. So kake nauyin ya koma kan ƙarfen ƙyaure na sama?"

Ya ɗauko guntun katako ya cusa ƙarƙashin ƙyauren. Sannan ya ce, "Baba, ni ne."

"Na sani. Tun da na ji ba a sa guduma ba."

Idon tsohon ya tafi, ɗansa da ke biya masa hayar kuma an sallame shi daga aiki. Ƙyauren ma tsohon ne ya yi shi da hannunsa lokacin da ya tarar da na ɗakin ya ruɓe, amma wakili ya ce duk abin da ke jikin bango na mai gida ne. Cire-Ƙofa ya miƙe ya ce ba zai iya ba. Wakili bai ko ɗaga murya ba, ya ce ba komai, akwai mai walda a bakin titi da ke yi da ƙarfen ɓanɓara, minti biyu ya gama. Da tsohon ya ji haka sai ya ce a'a, kada a kawo wanda zai farfasa masa katako, wanda ya fara shi zai ƙarasa.

Ya ƙarasa. Ƙarfen ƙasa, na tsakiya, na sama. Aka ɗauki ƙyauren aka kai ɗakin ajiya aka kulle da kwaɗon da, in ban manta ba, a wurina aka saya. Ya zuba sukuru tara a kwalin ashana, ya rasa yadda zai yi ya ajiye a taga, sai ya sa wa tsohon a hannu.

Baba ya laluba ya fito bakin ƙofa. Ya bi katakon jikin bango da yatsa, rami bayan rami, bai ji tsaga ko ɗaya ba.

"Aikin ya yi kyau," in ji shi.

Cire-Ƙofa ya dawo shago ya zauna a bencina har azahar bai taɓa komai ba. Ni dai haushi ya ishe ni, na rasa wa zan zaga. Ya koma washegari da niyyar ɗauko tsohon zuwa gidansa, ya tarar ɗan ya riga ya zo da mota sun tafi, ba wanda ya san ina. Tsohon bai ko cika kwana ukun ba.

Har yanzu ana kiransa cire ƙyaure, yana kuma zuwa. Sai dai yanzu kafin ya durƙusa yakan yi sallama ya tambayi wane ne a ciki.