Gonar Ummi ta Cikin Waya

Ɗiyata Ummi shekararta goma sha biyu, kuma sikila gare ta. Bara zamanta a gadon asibiti ya fi zamanta a aji yawa. Kawunta ne ya ba ta tsohuwar wayarsa don ta riƙa ɗebe kewa, a nan ta koyi buga gem. In ka tambaye ta waɗanda suka fi burge ta a shekarar, ba ta ko tsayawa tunani. Akwai na tseren mota, wanda ta ajiye saboda yana sa yatsunta tsami. Akwai na wata yarinya mai gudu a kan rufin gidaje tana tsallake ramuka, shi take bugawa duk ranar da ta tashi da ƙwarinta. Amma gwaninta shi ne na gona: ka shuka masara, ka yi ban ruwa, ka ba kaji hatsi, ka kwashe ƙwai. Ka yi sakaci kaɗan, shuka ta bushe, kaji su watse.

Cikin damina ciwon ya tasar mata, wannan karon a ƙirji. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an yi mata ƙari, ga shi irin nata ya ƙare a asibitin. Nawa bai dace ba. Uwarta Hajara kuma goyo take yi, aka ce ba za a ɗiba ba. Na hau babur tun hantsi, na bi 'yan'uwa, na bi abokan aiki na makarantar da nake koyarwa, na bi tsofaffin ɗalibaina har shagunansu. Wasu suka biyo ni aka gwada, bai yi ba. Wani ya ce yana zuwa, daga nan wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Bayan la'asar na dawo hannu wofi, na tarar an sa mata robar numfashi, leɓɓanta sun yi fari fat.

Ta yafito ni da ido. Na sunkuya.

"Abba, gonata," ta ce. "Tun jiya ban yi ban ruwa ba. Hannuna ya ƙi."

Na dubi hannun, ya kumbura har ba a ganin gaɓoɓin yatsu. Yarinya na neman jini, tana zancen masarar da ba ta ciyuwa. Yayata Binta, wadda ke zaune gefen gado da carbi, ta ce, "Malam, ka ɗauke wayar nan daga gabanta. Yanzu lokacin salati ne, ba na wasa ba." Na ɗauki wayar, ina tsaye ban san me zan yi da ita ba. A tsayuwar nan kakata ta faɗo mani a rai, ita da na yi shekaru ban tuna muryarta ba.

Gidanmu na gado yana Ƙofar Kwaya. Kakata Inna Rakiya, mahaifiyar babana, sana'ar gyaɗa take yi. Da an idar da sallar isha'i sai ta hura wuta a tsakar gida, ta ɗora kasko da rairayi, ta zauna tana juya gyaɗa da sakaina. Mu jikoki mu kewaye murhun, kowa na haƙon wadda ta ƙone, don ita ce rabonmu. Hayaƙi in ya juyo wajena sai ta ja ni da ƙafa ta ce, "Matso nan, ango, kar ya kashe mani miji." Ba ta fara tatsuniya sai ta ja mana rai.

"To, ga ta nan hwa ta iso bakin zaure. A buɗe mata ko a bar ta ta tahi?"

"A buɗe mata, Inna!"

Akwai guda da ba mu cika roƙonta ba, ita ce take kawo ta da kanta. Labarin wata mata ce mai ɗa ɗaya tilo, sunansa Abarshi. Kullum da magariba wani baƙo yakan shigo gidan ba sallama, dogo, siriri, mai sanyin hannu. Sunansa Ciwo. Ba ya cin tuwo, ba ya shan ruwa, sai dai ya hau ƙasusuwan yaron ya zauna har gari ya waye. Uwar ta ɓoye ɗanta a rumbu, baƙo ya same shi. Ta goya shi ta haye gulbi wurin danginta, suka tarar ya riga su isa. Ta ba shi akuyarta, ta ba shi zanen aurenta. Ya karɓa ya yi godiya, washegari ya dawo.

Ran nan ya shigo ya iske Abarshi ya haƙa gurabun dara a ƙasa, ya jera duwatsu da tsinkaye yana wasa shi kaɗai. Baƙo ya tsaya yana kallo. Yaro ya ce mashi, ko za ka taɓa? Ashe Ciwo mutum ne mai son a ce ya ci. Ya zauna, ya cinye yaron. Abarshi ya ce a sake. Ya ƙara cinye shi, ya ce a sake. Suna haka zakara ya yi cara, baƙo ya miƙe ya kaɗe riga, bai yi aikin da ya kawo shi ba. Haka suka riƙa yi kullum.

Uwar kuwa da ta ga ɗanta na dariya da maƙiyinsa, sai zuciya ta ɗebe ta. Ta sa tsintsiya ta share gurabun, ta watsar da duwatsun bayan gida. Daren nan baƙo ya rasa abin yi, ya hau yaron ya zauna da dukan nauyinsa, har maƙwabta suka kasa barci don kukansa. Da safe ta fita da rarrafe tana tsintar duwatsun ɗaya-ɗaya, ta haƙa gurabun da farcenta, ta ce, ɗana, koya mani. Daga ranar, in hannun Abarshi ya gaza, shi ke faɗi ita ke turawa.

"Inna, to wa ya ci a ƙarshe?" in ji ni.

"Baƙon kau, shi ka ci kullum."

"To mene ne amfanin wasan?"

"Gari ya waye mashi, ango. Kai me kake so ya wuce wannan?"

Ƙarshen labarin ba ɗaya ba ne a bakinta. Wani dare Abarshi ya girma har ya yi gemu ya aurar da 'ya'ya. Wani dare kuma ta kai daidai wurin tsintar duwatsun sai ta yi shiru, hannunta ya tsaya, gyaɗa ta ƙone ƙurmus a kasko. Muka yi ta murna da rabon da ya faɗo mana, ita ko ta ce mu tashi mu kwanta. Sai bayan rasuwarta babana ya gaya mani cewa kafin a haife shi ta binne 'ya'ya uku, duka da abin da a lokacin ake kira ciwon ƙashi, sikilar yanzu ke nan.

Na ja kujera na zauna kusa da kan Ummi, na buɗe gonar, na karkata wayar yadda za ta gani.

"Faɗa mani inda zan taɓa, Uwata."

"Bokitin can. A'a, Abba, wannan kwandon ƙwai ne. Na ƙasa."

Na zuba ruwa a kan hanya maimakon kunya, na buɗe akurki kaji suka fantsama cikin masara. Ta ce, "Wayyo Abba, ka ɓata mani gona," kafaɗunta suka motsa alamar dariya. Numfashin da take fizga ya ɗan lafa, ta daina murƙususu, idonta na kan allon. Can na ji Yaya Binta ta matso, carbin na hannunta, ta ce a hankali, "Ga wata ja can ta ɓuya bayan rijiya."

Muna cikin kamun kaji aka yi kiran magariba. Limamin unguwarmu ta Kambarawa ya yi sanarwar neman jini a masallaci, wani mai gyaran babur da ban taɓa yi wa magana ba ya zo da baƙin mai a hannunsa, aka gwada, ya dace. Da aka ɗaura ledar jinin na fita baranda na durƙusa na yi kukan da na riƙe tun safe.

Ummi ta tashi. Amma ranar sallama likita ya ja ni gefe ya ce irin wannan na ƙirji yakan dawo, kuma kowace dawowa ta fi ta baya haɗari. Ban gaya wa Hajara ba, ta gane daga fuskata.

Ba na ruɗin kaina cewa gem magani ne. Jini ne ya tashe ta, da ikon Allah. Abin da na gane dai shi ne Inna ba dabarar cin baƙon take koya mana ba, don ta fi kowa sanin ba a cin sa. Tana faɗa wa kanta ne abin da ya rage wa uwa bayan ta ba da akuya ta ba da zane: ta zauna a ƙasa kusa da ɗanta, ta riƙe masa abin da yake so, komai ƙanƙantarsa a idon manya. Sau da yawa ina tambayar kaina ko ta samu ta yi wa nata ukun haka, ko kuwa rashin yi ne ya sa ta ƙaga labarin. Babu sauran wanda zan tambaya.

Yau da safe Ummi ta tashi idanunta sun yi ruwan ɗorawa, tana dafe da haƙarƙari. Hajara ta shiga haɗa kaya ba tare da ta dube ni ba. Kafin in ɗauke ta, Ummi ta lalubo wayar ƙarƙashin matashi ta miƙo mani.

"Abba, masarar ta kusa nuna. In ban iya ba, kai za ka girbe."

"Tare za mu girbe," na ce.

Na sa wayar a aljihu, na fita da gudu neman kurkura, mai ƙafa ukun nan, da za ta kai mu asibiti.