Kaset ɗin Malam da Ƙattinsa Huɗu

Zariya zuwa Kano

Mun bar gida ƙarfe biyar saura kwata na asuba, ni da ƙanwata Rabi, wadda take rubuta abin da nake faɗa tunda ni ban yi boko ba. Rakiya ta yi mini zuwa filin jirgi. A jakata akwai daddawa da kuka na autata Hadiza, da ke Doha tare da mijinta Nura mai karatu a can. A bakin zanena kuma na ƙulle kaset guda. Don shi na yi tafiyar, ko da yake Hadiza tana zaton kewarta ce ta taso ni.

Malam, mijina, ya yi karatun noma shekara biyu a Amurka muna da ƙuruciya. Da yake ba na karanta wasiƙa, sai ya riƙa ɗaukar magana a kaset yana aiko mini. Gaisuwa ta minti biyu ce, ya kira sunana, ya tambayi yara. Sauran awa guda kuwa labarin ƙwallon Amurka ne, wanda ake rungumewa a sheƙa da gudu. Lokacin haushi nake ji. Da korona ta zo, Allah Ya karɓi abinSa, ko Hadiza ba ta samu zuwa ba saboda jirage a tsaye suke. Kaset ɗaya ya rage mini. Ina takaba ina ta maimaita gaisuwar nan ina kuka, har rediyo ta tauna zaren. Masu gyara a Zariya suka ce an daina wannan aiki. Nura ne ya ce ya san wani a Doha.

Shingen 'yan sanda uku muka wuce. A na biyu ɗaya ya leƙo ya ga akwati.

"Hajiya, Umara za a je?"

"Ƙwallo zan je kallo, ɗan nan."

Ya yi dariya har ya manta da direba. Gaskiya kuwa na faɗa masa, don a watan gasar kofin duniya ba a shiga ƙasar sai da tikitin wasa, kuma Nura ya saya mini.

Bakwai da rabi muna Kano. Matar da ke laluben fasinja ta ji ƙulli a ƙuguna. Ta kwance, ta juya shi gaba da baya.

"Mama, wannan fa?"

"Mijina ne. Riƙe shi a hankali."

Ta mayar mini da hannu biyu.

Mu'aither

Jirgi ya tashi da azahar, awa bakwai da wani abu muna sama, shinkafarsu ba gishiri. Gidan Hadiza a unguwar Mu'aither yake, ɗaki biyu ne a bene na uku. Mun rungume juna mun yi kukan da muka ajiye shekara biyu da rabi, Nura yana tsugune a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Da muka gama na ce masa yaushe za mu je wajen mai gyara. Ya ce sai Juma'a da yamma, amma jibi akwai wasa, kuma tikiti ba ya jira.

Al Wakrah

Jirgin ƙasa muka hau kyauta, sannan bas zuwa filin wasa da ke garin Al Wakrah. Sanyi yana fitowa daga ƙarƙashin kujera, na naɗe ƙafata da mayafi. Ba a yi minti goma ba wani ya taɓa kafaɗar wani, sai ya faɗi yana birgima.

"Nura, harbinsa aka yi?"

"A'a Hajiya, ture shi aka yi."

Aka ba 'yan ɓangarensa bugu. Mutum huɗu na ɗaya ɓangaren suka jeru don su tare, kowa ya kare gabansa da hannu, na biyar ya kwanta a bayansu. Da aka buga sai suka yi tsalle suka juya ƙeya. Na yi dariya har Hadiza ta mintsine ni.

Na ce su saurara in ba su labarin masu tarewa na gaske. A ƙwallon Malam, huɗu ne suke durƙusawa a sahun gaba, hannu ɗaya a ƙasa, da hular kwano, numfashinsu yana hayaƙi cikin ƙanƙara. Aikinsu su keta sahun abokan gaba su danne mai jifa kafin ya saki ƙwallo. Sunayensu sun fi ƙarfin bakina, shi ya sa Malam ya raɗa musu namu: Turmi, Rumbu, Gatari, sai Ɗan Lele, wanda ya fi kowa ƙiba. Turmi ba ya matsawa, mutum biyu suke haɗuwa a kansa, ta nan Gatari yake samun kafa ya shige. Da Malam ya dawo gida ya nuna mini su a bidiyo. Daga baya da aka sa mana tauraron ɗan'adam, kullum mita yake yi wai yanzu an hana taɓa mai jifa kamar jariri, wai mazan sun ƙare.

Nura ya ce, "Hajiya, ashe ke gwana ce."

Na ce, "Shekara arba'in ana cusa mini, ko bango ne ya iya."

Asian Town

Ran Juma'a bayan la'asar muka tafi unguwar Asian Town, minti ashirin da biyar a mota. Shagon gyaran waya ne ɗan ƙarami a bayan masu sayar da barguna. Mai aikin, Malam Issaka, Bahaushen Kumasi ne mai furfura. Ya aika aka kawo mini shayi na riyal ɗaya, ya kwance kaset ɗin, ya zaro zaren da tsinke. Ya daɗe yana dubawa.

"Hajiya, farkon nan ya mutu. Ya tauna, ya miƙe, ya goge. Sai na yanke kusan kamu goma. In ban yanke ba zai sake kamawa ya cinye sauran."

"Me ke cikin wurin?"

"Ke za ki sani. Wurin da kika fi sauraro ne."

Na sani kuwa. Sunana ne a bakinsa. Na ce ko za a iya ceto rabinsa, ya girgiza kai. Hadiza ta riƙe hannuna. Na ce ya yanke.

Ya yanke da reza, ya haɗa da salatif, ya naɗe da biro, ya ce, "Kalas," wato an gama. Ya jawo wata tsohuwar rediyo daga ƙarƙashin tebur ya danna. Aka ji shuu, sai muryar Malam, saurayi sharaf, ba sallama ba komai:

"...to shi Ɗan Lele, in ya zauna a kan mutum, sai an kira iyayensa."

Sai ya fashe da dariyar nan tasa mai tari a ƙarshe. Hawaye suna zuba ina dariya. Na ce wa Hadiza, "Kin ga ubanki ko? Ni an yanke ni, ƙattinsa ko ƙwarzane babu."

Malam Issaka ya bar kaset ɗin ya yi ta magana har ƙarshe yana ɗauka a waya. Da magariba ta yi, masu shagon gefe suna tsaye a ƙofa, ba sa jin Hausa, amma in Malam ya yi dariya a kaset su ma sai su yi. A gefe na biyu na kaset ɗin akwai maganar da ban taɓa kaiwa gare ta ba tun da ya aiko shi, don haushi yakan sa in kashe. Na kasa kunne ko zai ambace ni. Bai ambace ni ba, Rumbu ya ambata, da ciwon gwiwarsa.

Gida

Kwana goma sha biyu na yi. Mun sauka Kano da hantsi, Rabi tana jirana, azahar ta yi mana a Zariya. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, na gode wa Nura da Hadiza da Malam Issaka, da ku da kuka riƙa leƙa mini gida. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa.

Masu zuwa sannu da zuwa, ku zo kafin la'asar. Bayan la'asar ina kunna kaset ɗin Malam daga farko har ƙarshe, kuma yanzu ba na katse shi.