Saura Maza Uku, Rauda

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran 'yata Rauda bayan jinyar kwana tara. Ni ne mahaifinta Iliyasu, manomin tumatir a Bunkure, wanda ya ajiye boko a aji huɗu don shi da lissafi ba su jitu ba.

Uwata, ranar da kika ce a kan ƙuda za ki yi digiri na biyu, cewa na yi, "Ƙuda kuma? Ga su can mahauta kyauta." Kika yi dariya, kika ja ni bakin kanal na ban ruwa, kika nuna mini wani ƙuda mai gemu da ke cafke ƙwari a iska ya tsotse su. "Baba, ɗan fashi ake ce masa, amma ɓarayin gonarka yake yi wa fashin." Kika ce duk 'yan gida ɗaya ne, aikinki ki rarrabe su iri-iri: wannan ta jijiyar fiffike, wancan ta launin gemu. Ni nawa gemun bai taɓa samun wannan kulawar ba.

Ba ki taɓa raina ƙarancin karatuna ba. Kin riƙe hannuna kin koya mini soka allura ba tare da na farfasa ƙwaro ba, da rubuta wuri da rana a 'yar takarda.

Akwai wani ɗan fashi mai jajayen ƙafafu da kika samu a gonata, kina kyautata zaton ba a taɓa rubuta irinsa ba. Malaminki ya ce sai an kawo maza uku, don a wutsiyar namiji hujjar take. Mata bakwai kika bari a akwati, namiji ko ɗaya babu. In ba a samo su ba, aikinki ya tsaya ke nan.

Jiya maƙwabcina Jaji ya ce, "Iliya, yi feshi, tsutsa za ta gama da kai." Na ce ta ci. Gonar nan ba za ta ga magani ba sai na kai wa malaminki maza uku. Na ɗinke ragarki ta kamun ƙuda inda ta yage. A yi ta dariyar tsoho mai bin ƙuda.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba mahaifiyarki Hajara da mijinki Mudassiru haƙurin rashinki. Ni kuma Ya ƙara mini hasken ido, don wutsiyar ƙuda ƙarama ce.