Hannun da Sekuru Marufu Ya Ara

Kafin in ɗora tukunyar koko a gidan tsofaffin da nake wa girki a bayan garin Chegutu, Maman Tarisai ta riga ta jingine kekenta a gindin mangwaro. Shekara ashirin da shida ke nan haka take. Ba ofis take fara zuwa ba, kicin ɗina take faɗowa, ta kwashe faifai da taɓarya da tsintsiya da buhun gyaɗar da ba a ɓare ba. Gaisuwa ma sai ta kai ƙofa take jefo mini. Na yi faɗa har na gaji na bari.

A takarda, aikinta gashin ƙashi ne da motsa jikin tsofaffi. Da ta zo sabuwa ta gwada yadda aka koya mata: a jera su a kan kujeru, a ɗaga hannu a sauke ana ƙirgawa. Marigayiya Mbuya, wato kaka, Muchaneta ce ta kashe abin ran nan.

"'Yar nan, me na ajiye a sama da zan yi ta miƙa hannu? In aiki ne, ba ni aiki."

Ta kuwa ba su. Mai ciwon kafaɗa ta yi bakace, mai sanyin yatsu ya ɓare gyaɗa, mai tsoron faɗuwa ya riƙe tsintsiya ya bi baranda. Ran Laraba ta hau keke ta shiga ƙauyuka, ta kafa wa tsofaffi sanduna daga ƙofar ɗaki zuwa bayi, ta nuna wa surukai yadda ake tayar da mutum ba a gurɗe masa kafaɗa ba. Duk wannan kowa ya sani. Abin da ya sa na ɗauki biro, ni da ludayi na fi sani, labarin Sekuru Marufu ne, Sekuru kuwa kaka namiji ke nan a wajenmu.

Bara da damina aka kawo shi, tsohon direban tarakta mai shekara tamanin da huɗu, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Likita ya ce ƙafar za ta iya dawowa in ya ci abinci ya yi ƙarfi. Shi kuwa da na miƙa masa kwano sai ya juya fuska bango. Na tuƙa sadza, tuwon masararmu, mai laushi, na yi masa miyar ganye da gyaɗa, na yanka kazar da nake tattali. Ko kallo. Ba zan ɓoye ba, na ji haushi, har na ce wa abokan aiki tsohon nan rainin wayo ke damunsa.

A mako na uku nas ta ce in bai fara ci ba zuwa Litinin, za a mayar da shi ɗakin baya. A can ake kwantar da waɗanda suka daina tashi, kuma a zamana a gidan ban ga wanda ya fito daga ɗakin da ƙafarsa ba.

Ran Juma'a Maman Tarisai ta biyo ni da na kai masa abincin rana, ta tsaya a ƙofa tana kallo. Da muka fito ta ja ni gefe.

"Maman Simba, kin ga hannunsa?"

"Na ga dai kwanona."

"Burodin da kika manta a taga jiya ya cinye. Wanda aka miƙa masa ne ba ya taɓawa. Koma ki sake miƙawa, ki bar kallon kwano."

Na koma, na durƙusa na miƙa. Sai na ga hannunsa na dama ya tashi, ya tsaya a iska yana jiran ɗan'uwansa, sannan ya faɗi a kan bargo. A al'adarmu sai mutum ya tafa hannu biyu yake karɓar abinci. Ni da nake make yatsun jikokina in sun sa hannu a kwano ba su tafa wa mai girki ba, na yi mako uku ina durƙusa wa dattijo da abinci, ban gane kunyar karɓa babu tafi ce ke kashe shi ba.

Ta zauna a gefen gado ta buɗe hannunta a gabansa.

"Sekuru, ga na hagu. Aro ne fa, kada ka saba."

Ya dube ta. "Hannun mace?"

"Na jikarka. In kana da wani a aljihu fito da shi."

Ya buga hannunsa a kan nata sau uku, ya dube ni ya ce, "An gode, uwa." Ya cinye tas. Na koma kicin na yi kuka, na ɗora wa albasa laifi.

Ke ce, Maman Tarisai, mai ganin abin da ido ya tsallake. Kuma ke ce mai wayon tsiya, don washegari hannun aron bai zo gado ba. A bakin ƙofa kika zauna da shi, taku huɗu daga inda yake kwance.

"Ke muguwa ce," in ji shi, yana jan ƙarfen dogarawa, zufa na zuba.

"Na ji. Sadza na hucewa."

Daga ƙofa kika koma baranda, daga baranda gindin mangwaro, har teburin cin abinci, taku arba'in cif. Wata biyar aka yi ana wannan tafiya. Da hantsi kuma ki jiƙa masa mataccen hannun a ruwan ɗumi, ki buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ki sa masa totuwar masara ya yi ta murzawa a cinya yana zagin ki ƙasa-ƙasa.

Da aka ce za ta yi ritaya, tsoro ya kama ni. Na ce in koyi ba shi hannuna, ta ce in bar shi tukuna. Juma'ar da ta wuce aka yi mata abincin sallama. Ita ta karɓi zuba ruwan wanke hannu, buta a dama, kwano a hagu. Da na ajiye wa Sekuru abincinsa, ya ɗaga hannu ya waiga.

"Jikata, hannuna fa?"

"Ya yi ritaya, Sekuru. Ka ga ma a cike yake."

Na ga fuskarsa ta fara karkata wajen bango. Can sai ya kamo hannun hagunsa, ya ɗora a gwiwa, yatsun suka buɗe da kansu a hankali, suna rawa. Ya juya wajenta, ya bar ni da kwanona, ya tafa. Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar mangwaro a yashi ba, amma har na ƙarshen tebur sun ji. Ruwan butar ya zube mata a zane ba ta sani ba.

Mun gode, Maman Tarisai, mun gode ƙwarai. Ina kewarki tun yanzu, har da satar faifan. Ku kuma masu tsoho a gida, in ya ƙi ci ko ya ƙi tashi, kada ku yi saurin cewa rigimar tsufa ce kamar yadda na yi. Ku zauna ku dubi abin da yake son yi ya kasa, ku ara masa naku har nasa ya dawo.

Yau Litinin babu keke a gindin mangwaro. Da rana na ji ƙarar ƙarfen dogarawa a baranda, na tsaya da ludayi ina ƙirgawa har arba'in. Ya zauna, na durƙusa na miƙa, ya tafa mini sau uku da hannuwansa biyu. Ya kai loma, ya tauna, ya ce gishiri ya yi yawa.